Jirgin da Ya Tashi Daga Garejin Andrawus

Tun da Turawa suka shimfiɗa layin dogo a Kafanchan ba a taɓa yi wa wani mahaluki zaluncin da aka yi mini ba. Na faɗa a gida, na faɗa a teburin mai shayi, yanzu kuma ina rubutawa, don jikokina su san cewa kakansu, Dattijo Andrawus, wanda masu hankali ke kira Kaftin, saura ƙiris ya taka ƙasa mai tsarki, sai wata tsohuwar kwamfuta da matarsa ta aure da rabin ikilisiya suka haɗa baki suka tare masa hanya.

Ga mafarin abin. Majami'armu ta samu kujera ta zuwa Urushalima. Guda tak. Majalisar dattawa ta zauna, kuma maimakon a duba wanda harufan JP, laƙabin wanda ya ziyarci Urushalima, za su fi zama daram a bayan sunansa, sai aka duba furfura. Aka ba Baba Azariya, tsohon hedimasta, mutumin da ko a bayan babur sai ya rufe ido yana addu'a. Ni kuwa aka ce ni ne madadi: in Baba ya kasa, Andrawus ya tafi. Madadi, ni. Kamar tayar da ake ɗaurewa a bayan mota.

Sai ga ƙofa ta buɗe mini. A taron zumuntar maza Baba ya tashi yana murza hularsa, ya ce shi fa abin na damunsa.

"Jirgin ƙasa yana da dogo," in ji shi. "Mota tana da hanya, ko da ta ƙauye ce. Shi wannan na sama, a kan me yake tafiya? Ku ba ni zuwa ƙarshen wata in yi tunani."

Nan take zuciyata ta cika da tausayi. Na miƙe na ce, "Baba, kada ka damu. Ina da jirgi a gida."

Ban yi ƙarya ba. Ɗana Derrick, kafin ya koma Sabon Tasha, ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa a gareji, kuma a cikinta akwai wani abin koyon tuƙin jirgi. Ka zauna gaban allo da sandar tuƙi a hannu, ka ga filin jirgi, ka ja, ka tashi sama, ga gajimare, ga teku. Ni kuma na taɓa raka surukina filin jirgi na Abuja, na tsaya a bakin waya jirage suna tashi a gaban idona. Wanda ya fi ni sanin jirgi a unguwarmu ya ɗaga hannu.

"Zan ɗauke ka ka ɗanɗana tun daga ƙasa," na ce wa Baba. "In ka ga za ka iya, ka tafi. In ka ga ba za ka iya ba, ai an riga an tanadi madadi."

Shirina mai sauƙi ne. In hau da shi sama, in juyar da hancin jirgin zuwa teku, da ƙara da jijjiga, har shi da bakinsa ya ce a ba Andrawus. Ban kira wannan mugunta ba. Gara tsoho ya suma a garejina, kusa da asibiti, da ya suma a sama inda ba a tsayawa a sauke fasinja.

Na fara gwaji da matata Dinah.

"Maman Hellen, zo ki zauna ki ji tsoro."

"Tuwona na kan wuta."

"Yanzu za ki koma."

Ta zauna. Na kunna. Kwamfutar ta yi gurnani, ta yi tari, ta yi shiru kamar tana tuno sunanta. Jirgin ya fito a allo. Na ja sanda. Ya matsa kaɗan, ya tsaya. Ya sake matsawa, ya tsaya. Dinah ta tashi ta je ta tuƙa tuwo, ta kwashe, ta dawo da muciya a hannu.

"Kun iso?"

"Muna kan titin tashi."

"Baban Hellen, da ƙafa ma da na wuce tashar mota."

Da ƙyar muka hau sama. Na juyar da hanci ƙasa don ta firgita. Jirgin ya sauko a hankali, hoto bayan hoto, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta zauna a tabarma. Dinah ta yi hamma.

Na kira Bashir, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ya zo ya kasa kunne a jikin akwatin, ya girgiza kai.

"Oga, wannan ai ta girmi shagona. Ƙura ta cika ta, ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, kuma tana son katin hoto, shi ne zai sa jirgin ya gudu. Ka bar mini ita in yi a hankali."

"In bar maka jirgi? Ka taɓa ganin an bar wa fasinja jirgi? Faɗa mini abin da zan saya, hannuna zai yi sauran."

"Oga, ko ƙurar ma da buroshi ake cirewa, a hankali."

"Na ji."

Na kwance akwatin. Abin da na tarar a ciki ba ƙura ba ce, unguwa ce. Zanzaro ya gina gidaje jere a jikin bango, gizo-gizo ya yi labule, ga ƙwan tsaka a lungu. Buroshi? Mutum mai tafiya Urushalima ba shi da lokacin buroshi. Na ɗora akwatin a babur sai wurin mai faci, na ce ya sa mata iskar da yake ba tayar tirela.

"Kaftin, iskar nan da ƙarfi fa."

"Jirgi ne. Da iska yake aiki."

Ya danna. Wani jan gajimare ya tashi daga akwatin ya sauka kan tiren mai ƙosai da ke gefe. Gidan zanzaro guda ya faɗa cikin kaskon manta. Ƙaramar fankar da ke cikin kwamfutar ta yi wani kuka, fikafikanta suka tsinke, ɗaya ya wuce ta gefen kunnen mai facin.

"To ga abin da ya fara tashi a jirgin naka," in ji mai ƙosai, tana tsame laka da matsami. "Allah ya sa ba ka ɗauki fasinja ba."

Ƙosan nan duka ni na kwashe zuwa gida. Dinah ta ci ɗaya ta ce yana da ɗanɗanon gini.

Katin hoto kuwa, Bashir ya nuna mini ƙarami ya ce shi ne daidai. Na ce ya ajiye wa yara. Na zaɓi wanda ya fi kowanne tsawo a shagon, mai fanka biyu a jiki. A gida na tura, ya ƙi shiga. Na juya, ya ƙi. Akwatin ya yi masa kaɗan da kusan tafin hannu. Wani zai mayar ya karɓo ƙaramin. Ni na san ba a rage fasinja don mota ta yi ƙanƙanta, motar ake faɗaɗawa. Na cire kayan ciki na zuba a daron wankin Dinah, na kai ƙarfen wurin mai walda, ya yanke masa gaba da gefe. Da na mayar da komai, katin ya leƙo waje kamar harshen kare mai jin ƙishi, kuma ƙusoshi suka rage mini a daro. Na kira Bashir a waya.

"Bashir, masu ƙera kwamfuta suna da almubazzaranci. Ƙusoshi sun yi yawa."

"Oga, ba su yi yawa ba."

"To ga su a daro."

Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Amma fa da na kunna, jirgin ya gudu. Ya tashi kamar shaho. Na yi ihun murna, na kai shi can ƙololuwa, na kama sanda zan juyar da hanci, sai allo ya yi baƙi. Na taɓa akwatin, na janye hannu. Zafi. Na bari ta huce na sake. Daidai wurin faɗuwar, ta sake mutuwa. Kullum daidai wurin. Tashi tana so, tafiya tana so, amma abin da na tara ta dominsa, nan take ɗaukewa. Na fara zargin kwamfutar nan 'yar ɗarikar Baba Azariya ce.

Kwana biyu da haka na shigo gareji na ji ƙamshi. Dinah ta shimfiɗa yankakkiyar citta a faranti ta ɗora kan akwatin.

"Maman Hellen, mene ne wannan?"

"Hadari ya haɗo. Wannan ta fi rana busarwa."

"Kina busar da citta a kan injin jirgi?"

"Shi ne aikin farko da na ga ya yi a gidan nan."

Bashir ya ce fankar da ta tashi a wurin mai faci ce matsalar, sai an yi odar irinta daga Kaduna. Oda? Ƙarshen wata na matsowa. Na shiga falo na ɗauko babbar fankar tsaye, wadda zumuntar mata suka ba Dinah kyauta, na kafa ta a gefen akwatin inda mai walda ya buɗe. Kwamfutar ta sha iska ta daina suma. Dinah kuwa ta koma fifita da murfin tukunya tana kallona da wani irin ido.

Sauran kayan ba su ba ni wuya ba. Na samo kujerar wata motar hayar Kagarko da ta yi ritaya, na ɗaure ta kan tsohuwar taya don ta riƙa lilo. Na aro lasifikar ƙungiyar mawaƙa daga majami'a. Na je wurin maƙwabcina Bobbo, mai kiwon shanu a bayan unguwa, na roƙe shi ya zama jijjiga.

"In na ce girgiza, ka girgiza. Kada ka tsaya sai na ce tsaya."

"Kaftin, ni bijimi nake kayarwa. Wannan tsoho ba zai kakkarye ba?"

"Haka ake yi a sama."

"To. Sai ka ce tsaya."

Ranar Lahadi bayan sujada, na zaci mutum biyar za su zo. Ikilisiya ta biyo Baba gaba ɗaya. Zumuntar mata da ankonsu da tulunan kiɗansu, Mama Afiniki shugabarsu a gaba, ga Rabaran Henry, ga mai faci, ga mai ƙosai ta zo ganin ƙarshe. Bashir ma ya rufe shago ya tsaya can bakin ƙofa, inda zai fi saurin fita. Ni na fito cikin farar riga da tela ya ɗinka wa igiyoyin zinare a kafaɗa, da hular da na aro wurin wani mai gadi. Mata suka yi guɗa. Dinah ba ta yi ba.

Baba ya iso cikin kwat, ya yi sallama da matarsa a bakin gareji, ya ce mata makullin akwatinsa na ƙarƙashin matashi.

Rabaran ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Na ce, "Rabaran, ai gareji ne."

"Dattijo, tafiya tafiya ce."

Ya roƙa mana jinƙan tafiya, ya roƙa wa direba hikima. Nan Dinah ta fi kowa ƙarfin amin.

Na zaunar da Baba, na ɗaure shi tam da majanyi biyu a jikin kujera. Sai wata dabara ta zo mini, na ɗauko hular kwanon babur ɗina, mai gilashi, na kifa masa a kai na rufe.

"Wannan fa?" Muryarsa ta fito kamar daga rijiya.

"Saboda faɗuwa, Baba. Kowa na sawa."

Ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Na ji daɗi a raina, irin daɗin likita in ya ga magani ya fara aiki.

Aka ja janareta. Na kunna. Kwamfutar nan da ta wahalshe ni, ranar sai ta tashi kamar sabuwa. Lasifika ta ɗauki rugugin inji har kwanon rufi na amsawa. Na ja sanda, ƙasa ta yi baya, gidaje suka zama kamar ashana. Mata suka ɗauki waƙa da tuluna. Baba ya damƙe gefen kujera yana karanto sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

Da muka kai saman teku na gyara hula na yi sanarwa: "Fasinjoji, a yi haƙuri, mun samu 'yar matsala." Na tura sanda gaba. "Bobbo, girgiza."

Bobbo ya kama kujera kamar ƙahon bijimi. Teku ya taso ya cika allo. Lasifika na kuka. Waƙar mata ta karkace ta koma salati irin namu, kowa na kiran sunan Ubangiji da yarensa. Na ce a raina, Andrawus, fara tunanin irin takalmin da za ka sa a Urushalima.

Sai hayaƙi.

Ya fito ta ƙarƙashin teburin kwamfutar, fari, mai kauri. Fankar Dinah, wadda ya kamata ta tsaya wuri guda, sai ga ta tana juya kai hagu da dama kamar mai raba sadaka. Ta ɗebo hayaƙin ta watsa wa zumuntar mata. Ta juyo ta watsa wa Rabaran. Ta dawo ta zuba mini sauran a fuska.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Idona ya rufe, hancina ya kama wuta, maƙogwarona ya ƙulle. Ga rugugi a kunne, ga teku na ƙarshen abin da na gani. Jikina ya manta cewa gareji ne. Wata murya ta yi ihu, "Wuta! Jirgi ya kama wuta!" Shaidu sun ce muryata ce. Ni ban ga mai maganar ba, idona a rufe yake.

Sun kuma ce ni na fara fita. Wai na tsallake benci, na bi ta kan ƙafar Mama Afiniki, na ture Rabaran cikin tulunan kiɗa, na ƙetare tsakar gida, na faɗa da ciki kan cittar da Dinah ta shanya. Abin da zan iya tabbatarwa shi ne, a kan cittar na farfaɗo, hula babu, igiyar kafaɗa ɗaya na lilo. Kewaye da ni ikilisiya ce ke tari da atishawa da hawaye, kamar an yi wa'azin tuba mai ƙarfi.

Matar Baba ce ta fara tunawa. "Ina maigidana?"

Muka juya. Hayaƙi na fita daga gareji yana raguwa. Daga ciki kuma ana jin ƙiiƙi, ƙiiƙi, kukan taya. Muka leƙa. Ga Bobbo, ya naɗe fuska da rawaninsa, hawaye na zuba, yana nan yana girgiza kujera.

"Bobbo, me kake yi?" in ji Rabaran.

"Kaftin bai ce tsaya ba."

Baba kuwa na zaune a ɗaure. Hular kwanon da na rufe masa ta tare hayaƙin, ko tari bai yi ba. Idonsa na kan allo. A allon kuma, jirgin da na saki sandarsa na gudu ya ɗago hanci da kansa, yana tafiya sumul a kan teku, rana na faɗuwa a gabansa. Ba kowa a kujerar direba.

Aka kwance shi, aka cire hular.  Na matso ina share hanci, don in karɓi abin da ya kamata in karɓa.

"Baba, ka dai gani. Haka abin yake, wani lokaci ma ya fi haka. Ba wanda zai ga laifinka."

"Na gani, ɗana," in ji shi. "Jirgi ya kama wuta. Direba ya gudu. Ni kuma a ɗaure. Na rufe ido na ce yau sai gida. Da na buɗe, sai na ga abin yana tafiya." Ya juya ga Rabaran. "Na tambaya a kan me yake tafiya. Yau na samu amsa. Ashe ba direba ke riƙe da shi ba. Rabaran, a kai takarduna. Zan tafi."

Mata suka ɓarke da guɗa cikin tari. Mama Afiniki ta ce wannan shaida ce, sai an faɗe ta a sujada. Wani ya ɗaga hannuna sama wai Ubangiji ya yi amfani da ni. Na ƙwace hannuna.

"Kwamfutar nan ce," na ce. "Da Bashir da ya sayar mini da kati mai wuta. Sai na kai ƙara."

Bashir ya shigo, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya shinshina katin.

"Oga, sanyi ƙalau. Ko waya ɗaya ba ta ƙone ba. Ga jirginka ma har yanzu yana sama."

"To janareta ne."

"Janareta na waje," in ji mai faci.

"To maƙiya ne."

Sai Dinah ta matso. Ta durƙusa ta ɗaga zanen da na rufe teburin da shi, ta jawo wani abu da gefen zaninta, ta ajiye a tsakiyar gareji. Kaskonta ne na gasa masara. Garwashi na ci a ciki, a kai kuma ga busasshen barkono ya ƙone ya yi baƙi.

"Tun safe nake neman kaskon nan," in ji ta. "Da barkonon da na ajiye na miyar Kirsimeti. Baban Hellen, ko jirgin da gawayi yake tafiya?"

Rabaran ya share gilashinsa ya mayar. "Dattijo Andrawus, wa ya sa wannan a nan?"

Na dubi Bashir, yana kallon rufi. Na dubi Bobbo, ya ce shi hannunsa biyu na kan kujera, kowa shaida ne. Na dubi mai ƙosai, ta gyara tsayuwa tana jira. Na nemi ko akuya a tsakar gidan, babu.

"Rabaran, faɗuwar jirgi ba hayaƙi ai ba ta cika ba. Ɗan kaɗan na nufa, ya bi ta wajen Baba kawai."

"Barkonon fa?"

"Na ga gawayi shi kaɗai ba ya magana. Da ƙafa na tura shi ciki da muka fara sauka."

"Fankar fa, wa ya sa ta juyawa?"

"Akwai wani maɓalli a bayan kanta. Na zaci na ƙarin gudu ne."

Rabaran ya ce majalisa za ta zauna ta sake duba maganar madadi. Baba Azariya ya ɗaga hannu, ya dafa kafaɗata, wajen da igiyar ta tsinke.

"A'a, Rabaran, ku bar masa. Ai ba za a buƙace shi ba."

To, a rubuta. Ni na hura gawayin, ni na zuba barkonon, ni na danna maɓallin, ni na saki sandar. Duk Kafanchan an rasa mai raba tsohon nan da tsoro, sai ni da nake neman ƙara masa. Da na zauna a gida na naɗe hannu, da tsoronsa ya kai ni Urushalima kyauta.